Farfelar da Aka Zuba da Tulunan Alekjan

A Shimulhati babu mai kiran Alekjan Bibi da sunanta na yanka. Maman Shofik ake ce mata, tun daga liman har mai tallan robobi da ke zuwa a kwalekwale. 'Yar ƙaramar mace ce mai saurin ƙafa da saurin baki, leɓenta kullum ja da taunar ganyen pan. A wani tudu aka haife ta, aka ɗauko ta a jirgi aka kawo ta wannan tudun, kuma tun da take ba ta taɓa kwana nesa da hawor ba. Ita kuwa hawor rabin shekara gona ce iya ganinka, rabin shekara teku, ƙauyuka na leƙowa sama kamar bayan kunkuru. Noma sau ɗaya ake yi. Wanda shinkafar watan Boishak ta kuɓuce masa, shekarar ce ta kuɓuce.

Kayan aurenta ba su taka kara sun karya ba, amma a ciki akwai tuluna uku na tagulla da babban faranti guda, waɗanda kakarta ta bar wa uwarta. Kowace safiya sai ta goge su da toka da tsamiya har mutum ya hango haƙoransa a jiki. Mijinta Torab Ali a lokacin da gora yake tura jirgi, kafaɗarsa duk ta yi kanta. Sai injuna suka shigo. Mutane suka gane cewa injin da ya yi ban-ruwa da rani, in girbi ya zo, ana iya ciro shi daga gona a ɗaura a gindin jirgi. Masu inji suka riƙa wuce Torab suna ɗaga masa hannu, wani har ya tambaye shi ko a aiko masa da abincin gobe. Ya yi ta maza ya samo wani tsohon inji na hannu. Saura farfela. Shi kuwa Nitai Karmakar, maƙerin kasuwar Itna, mai bin addinin Hindu, ƙa'idar gidansu ɗaya ce tun kakanni: kowa ya zo da tagullarsa, nasu wuta ce da hannu.

Babu wanda ya roƙi Alekjan. Da safe Torab ya tashi ya tarar da tulunan da farantin a buhu, an ɗaure baki. Ya buɗe baki zai yi magana, ta ce masa in ya tsaya surutu jirgin kasuwa zai tafi ya bar shi. Bayan kwanaki ya dawo da farfela mai kunne uku, faffaɗa, tana sheƙi kamar rana.

Tun daga ranar ta sami makami. Duk faɗan da za a yi a gidan nan, ko a kan gishirin miya ne, ƙarshensa ɗaya ne. Sai ta riƙe ƙugu ta ce, "Ka dai riƙa tuna tulunan wa ke tura ka." Yara kuma su yi ta dariya a ɓoye.

Tsohon injin Ɓauna suka sa masa suna, don ba ya sauri kuma ba ya gajiya. Dum, dum, dum, haka yake tafiya, farfelar na bin sa kamar tare aka haife su. Da su aka yi wa gida rufin kwano, da su aka aurar da 'ya'ya mata biyu. Bara Ɓauna ya tsaya a tsakiyar ruwa, bai sake tashi ba. Shofik, wanda ke aikin daɓen tayil a Oman, ya sa aka sayo wa babansa sabo: ja, ƙarami, mara nauyi, kuma an ce ya fi Ɓauna ƙarfin dawakai. Duk ranin nan ya yi ban-ruwa ko tari bai yi ba. Shinkafa ta yi kyan da aka daɗe ba a gani ba.

Da aka ɗaura shi a jirgi ne magana ta canja.

An yanke shinkafar, an tara dammuna a kan wani ɗan tudu can ƙetaren hawor, inda sai ta rafi ake isa. A daidai lokacin ruwa ya ɓalle a duwatsun Megalaya. Rafi ya yi ja, ya yi sanyi, ya fara tafiya da tarkace. Kowa ya san ma'anar wannan. Jirage suka riƙa kai da kawowa ba hutu, kowa na kwashe nasa kafin ruwan dutse ya haura madatsa. Jirgin Torab kaɗai ke zuwa da rabin kaya, yana jan ciki, baƙin hayaƙi na bin sa kamar an cinna wa taya wuta. A tsakiyar hanya sai ya kashe inji ya riƙa zuba masa ruwa da gwangwani, don wanda ke cikin tukunyarsa ya tafasa.

Maƙwabcinsu Montaj ya wuce shi da kaya har baki, ya ɗaga murya don duk bakin ruwa su ji. "Kawu Torab! Bandar kifi ka koma ne? Ka ajiye mini na kwano ɗaya!"

Alekjan na tsaye a masussuka ta ji dariyar. Da ya hawo cin abincin rana ta ajiye masa shinkafa da miyar busasshen kifi, ta zauna gefe.

"Injin banza ne," ya ce, tun ba ta tambaya ba. "Ɗanki jan fenti ya saya, aka ba shi inji gyara."

"Injin da ya shayar da gona duk rani? Yau ne ya zama na banza?"

"Gona daban, jirgi daban. Ke me kika sani a kan inji?"

"Ban san inji ba, amma na san kukan abin da aka shaƙe. Daga nan nake jin sa. Kamar an ɗora wa ɗan maraƙi kayan bijimi."

"To zo ki tuƙa mana, malamar kunne."

"Ba jiya ka aro farfelar Montaj ta ƙaramin jirgi ba? Me ta yi?"

Ya yi tsaki. "Wannan 'yar alminiyom ɗin? Inji ya yi ta ihu kamar ana yanka shi, ruwa na kumfa, jirgi na tsaye. Ƙarshe ta bugi kututture kunne ya ɓalle. Yanzu sai na nemo masa wata."

"To ashe maganar ta farfela ce."

"Na ce miki inji ne!" Ya ture kwanon, ya wanke hannu, ya gangara.

Ta bi shi da kallo. Shekara arba'in tana zaune da mutumin nan, ba ta taɓa ganin ya bar abinci a kwano ba, ko ranar da uwarsa ta rasu. Ta dubi gorar da aka kafa a bakin ruwa. Gaɓar da ta gani a waje da hantsi, yanzu ruwa ya shanye ta. Dammunan da ke can ƙetare sun fi waɗanda aka kawo nesa ba kusa ba. Ta ja mayafi, ta ce wa matar Montaj ta duba mata kaji kada su shiga shinkafa, ta tare jirgin kasuwa.

Rumfar Nitai na nan inda take, bayan masu sayar da raga. Shi ne dai ya tsufa, tabarau ɗaure da zare, gashin ƙirji duk furfura. Matuƙa huɗu ko biyar na tsugune, kowa da lanƙwasasshiyar farfelarsa a hannu. Yana ɗago kai ya gan ta ya saki guduma.

"A'a! Matar yaya da kanta? Yau rumfata ta yi albarka. Ko kin gaji da tsohon ne kin zo a ɗaura da ni?"

"Da kai? Mutumin da ko wankan Juma'a ba ya yi? Rufe mini baki, Nitai, tambaya na zo yi."

"Ni ba ni da Juma'a, matar yaya, amma ina da kunne. Faɗi."

Ta zayyana masa komai, hayaƙin da tafasar ruwan da jan cikin. Tana magana yana goge tabarau da gefen zanensa, ba ya kallon ta. Da ta gama ya yi ajiyar zuciya.

"Ai yayana ya zo."

"Ya zo ina?"

"Nan. Tun ba a sa lauje a gona ba. Gwaji ɗaya ya yi wa jirgin ya gane, mutumin da ya tsufa a ruwa. Shi ya faɗa mini ma, ni gyaɗa kai kawai na yi." Ya ɗauko wata farfela ya riƙe mata. "Dubi nan. Kowane juyi, kunnen nan loma ɗaya yake yanka a ruwa. Ɓauna a hankali yake juyawa, da nauyinsa, shi ya sa na yi masa mai babbar loma. Wannan na yanzu ƙarfinsa a cikin sauri yake. Sai ya yi gudu yake da dawakan nan da ake faɗa. Kun ba shi lomar da ta fi bakinsa, ba zai taɓa kai wa gudunsa ba. Yana shan mai, ba ya iya ƙone shi, shi ne baƙin hayaƙin. A ci gaba a haka, kafin a gama girbi ya ƙone, ba jirgi, ba ban-ruwan baɗi."

"To me ya hana ka gyara masa?"

"Ya ce in zuba sabuwa. Na ce kawo tagulla. Wa ke da tagulla yanzu a hawor? Kowane gida roba ne da alminiyom. Ko da akwai, sai an kwaɓa ƙasa, ta bushe, a hura wuta, a zuba, a goge. Ruwan dutse zai tsaya jirana? Na ce masa hanya ɗaya ce, a rage wa tsohuwar kunne, aikin ɗan lokaci ne." Ya dubi matuƙan, ya rage murya. "Wallahi matar yaya, fizge ta ya yi daga hannuna, ya naɗe ta a rawaninsa kamar jariri. Ya ce, matar nan sau ɗaya na cinye mata kayan uwarta, ba zan sa musu zarto ba tana raye tana gani."

Alekjan ta juya ta tofar da pan ɗin bakinta a kwata, ta daɗe tana gyara mayafin da babu abin da ya same shi. Sannan ta juyo.

"Tattara kayanka."

"Haba matar yaya, ba ki ga layi ba?"

Ta dubi matuƙan ɗaya bayan ɗaya. "Kai, ba ɗan Fulbanu ba ne? Ni na riƙe uwarka ranar da za ta haife ka. Kai kuma na san ubanka. Akwai wanda shinkafarsa ke bakin ruwa a cikinku kamar tawa?"

Ɗan Fulbanu ya sosa ƙeya. "Gwaggo, ɗauke shi kawai. In kina so har rumfar ma a ɗora miki."

La'asar ta kusa lokacin da suka iso Shimulhati. Torab na bakin ruwa yana sauke rabin kayansa, fuska duk baƙin hayaƙi. Yana hango Nitai da jakar kayan aiki ya miƙe tsaye.

"Amma kai munafuki ne. Maƙeri mai bakin mata!"

"Yaya, ni sato ni aka yi. Tambayi mutanen kasuwa."

"Babu mai taɓa ta. Na gama magana."

Alekjan ta tako har inda ruwa ke taɓa ƙafarta. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya sa ma na kusa suka daina aiki suka kasa kunne.

"Baban Shofik, abin nan da ke ƙarƙashin jirgi tulu ne? Ka taɓa ganin na ɗebi ruwa da shi?"

"Na uwarki ne."

"Uwata ta ba ni don kada gidana ya rasa. Da tana nan ta ga shinkafar shekara a bakin ruwa, kai kuma kana lallashin ƙarfe, da muciya za ta bi ka."

"Ke ce fa kullum, tulunana, tulunana. Shekara nawa kina faɗa? Na ɗauka abin na ci miki rai."

"Ina faɗa ne don in ci faɗa! To da me kake so in ci ka? Da tsawo?"

Wani ya tuntsire da dariya a cikin jirgin Montaj. Torab ya dubi matarsa, wadda kanta ko kafaɗarsa bai kai ba, ya dubi gorar bakin ruwa. Sai ya tuɓe riga ya shiga rafi, ya ce wa samarin da ke wurin su taru a goshin jirgi don gindin ya ɗago.

Nitai ya shimfiɗa buhu a kan laka. Ya kafa ƙusa a tsakiyar ramin farfelar, ya ɗaura zare, ya zagaya da alli, don kowane kunne ya sami rabonsa daidai da ɗan'uwansa. Faɗin yatsa ɗaya ya shata. Da zarto ya fara cin tagulla Torab ya juya baya yana ta daidaita dammunan da ba su karkace ba. Alekjan kuwa tsugunawa ta yi ta danne farfelar da hannu biyu don kada ta motsa. Inda aka yanke ya fito rawaya jawur, sabo fil, kamar yau aka zuba. Nitai ya bi bakin da magagari har ya yi sumul, ya zura sanda a ramin, ya ɗora kan bulo biyu. Kunne ɗaya ya riƙa gangarowa ƙasa. Ya ƙara goge shi kaɗan, ya sake ɗorawa, har farfelar ta tsaya duk inda aka bar ta.

"A mayar a gwada," in ji Torab.

"Ba a nan ba. Jirgi fanko ƙarya yake yi, kowace farfela ta gari ce a wurinsa. Mu je can a loda shi yadda zai yi aiki."

Alekjan ta riga su shiga. Torab ya ce ina za ta, ta ce za ta gaida shinkafarta.

A ƙetare ruwa ya riga ya kewaye tudun. Ƙasan tarin ya fara jiƙa. Can gangare, inda ba a kai ga yankewa ba, kawunan shinkafa kaɗai ke leƙowa, wannan kam ta tafi. Masu girbi suka yi layi suna miƙo dammuna har jirgi ya nutsa, saura kamu ɗaya ruwa ya taɓa baki. Torab ya murɗa inji ya buɗe masa mai. Jirgi ya motsa da ɗan kuzari fiye da da, amma hayaƙin bai washe ba, daga baƙi ya koma toka-toka, muryar kuma ta hau ta tsaya a maƙogwaro.

Nitai ya ɗora hannu kusa da tukunyar ruwan, ya karkata kai. "Da sauƙi. Zai iya lallaɓawa a haka."

"Bai kai ba," in ji Torab. "A ƙara."

"Yaya, abin da na yanke ba ya komawa fa. In na zarce, ihu zai riƙa yi a banza kamar ta Montaj."

"Na ji yadda yake gudu a gona duk rani, na san inda muryarsa take kaiwa. Kada ka ƙara taɓa faɗin. Murɗin kunnen ne ya yi yawa, ka kwantar da shi kaɗan."

Nitai ya dube shi ta saman tabarau. "Ka san wannan duk, ka bar matar mutane ta sha rana har Itna?"

"Yi aikinka, tsohon banza."

Suka koma gefen tudu. Wannan karon sai da aka sauke kayan baya, mutum shida suka hau goshi kafin gindin ya ɗago. Nitai ya ɗora kowane kunne a kan guntun ƙarfen da yake yawo da shi, ya yi masa bugu kaɗan kaɗan, yana aunawa da ɗan katako don kada wani ya fi wani kwanciya. Torab na tsaye a kansa. A kunne na uku ya ce, "Ya isa." Nitai ya ɗaga gudumar zai ƙara, ya fasa.

Aka mayar, aka sake lodi. Torab ya buɗe mai a hankali. Muryar injin ta hau, ta iso inda take maƙalewa, ta wuce. Ta ci gaba da hawa har ta zauna a wuri ɗaya, siririya, mai tsabta, ba ta rawa. Hayaƙin ya shuɗe, sai ɗan shuɗi-shuɗi da iska ke ɗaukewa. Bayan jirgi ruwa ya tsage biyu. Alekjan, da ke zaune a kan dammuna, ta ji iska ta janye mata mayafi, ta kama shi da haƙori don hannayenta na riƙe da igiya.

Suka ratsa tsakiyar rafi, inda Torab ya saba tsayawa ya yi wa inji fifita, ba su tsaya ba. Nitai ya leƙa tukunyar ruwan ya ga tururi kawai take yi, ba ta tafasa. Ya ce a sauke shi a inda zai sami jirgin Itna, yana da marayu a rumfa. Alekjan ta ce babu inda za shi sai ya ci abinci. Ya ce ai ta san ba ya cin naman shanu. Ta ce wa ya ce masa suna da nama, ya ɗauka gidan ɗan majalisa ya zo?

Ranar har rana ta faɗi jirgin bai huta ba, washegari ma tun da asuba. Alekjan ba ta sake bin su ba, don masussuka ta cika har ba wurin taka ƙafa. Ita ce mai tsayawa a bakin gangare tana taɓa kowane dami kafin a wuce da shi. Busasshe ya yi dama, jiƙaƙƙe ya yi hagu, a warware shi a baza a kan kwanon rufi da kan hanya da duk inda rana ke sauka. Na ƙasan tarin sun sha ruwa sosai, wasu har sun fara wari. Ta ce waɗannan za a fara turarawa, su za a fara ci, ba za su ga rumbu ba.

Wajen azahar Torab ya iso da kayan da bai cika jirgi ba. Ya kashe inji, ya zauna a gindin jirgin yana haki, bai ko yi yunƙurin tashi ba.

"Saura nawa?" ta tambaya daga sama.

"Babu. Na ƙarshen a cikin ruwa muka tsamo su, har gwiwa. Tudun ya nutse."

Ta gangaro ta zare zangarniya ɗaya daga damin sama, ta murje a tafin hannu, ta hure ƙaiƙayin, ta ciji ƙwaya. Ta yi ƙaras. Ta gyaɗa kai, ta zuba masa sauran a hannu.

"To tashi. Hadari na haɗowa ta arewa, ga shinkafa a baje ko'ina. Ka kira su Montaj a zo a ja tamfol."